Me Ya Sa Na'urar Zanen Hoto Ta Kasa Zana Maraɗi Yadda Take?

Wata malamar firamare a Maraɗi ta aiko da tambaya kamar haka: "Ina haɗa ƙaramin littafin karatu na Hausa don ƴan aji uku, kuma da yake ba ni da kuɗin biyan mai zane, sai na gwada manhajar ƙirƙirarriyar basira mai fitar da hoto. Na nemi hoton iyalin Hausawa suna cin abincin dare a Maraɗi, sai ta ba ni bukkar ciyawa a tsakiyar rairayi, maigidan ya rufe fuska da shuɗin rawani, matan kuma sun tara duwatsun wuya irin waɗanda ban taɓa gani a nan ba. Da na nemi likita yana duba yaro, sai likitan ya fito Bature. Da gangan aka yi haka don a raina mu? Kuma akwai gyara?"

Malama, babu injiniyan da ya zauna ya rubuta wa na'urar cewa duk wanda ya nemi hoton Maraɗi a ba shi bukka da rairayi. Sai dai wannan bai wanke masu ƙera ta ba, domin abin da kika gani matsala ce sananniya wadda masu bincike suka auna suka wallafa, kuma kamfanonin sun san da ita tun lokacin da suka fitar da kayansu. Takardar bayanin da ta raka manhajar zanen hoto mai suna Stable Diffusion a shekarar 2022 ta faɗa a fili cewa an horar da ita da hotunan da akasarin bayaninsu da Ingilishi yake, cewa al'ummomin da ke magana da wasu harsuna ba su sami wakilcin da ya dace ba, kuma sau da yawa takan ɗauki fararen fata da al'adun Turawa a matsayin asali. Sun san da gurguncin, suka rubuta shi a takarda, sannan suka saki manhajar ga duniya.

Don a gane inda karkatar ta samo asali, sai an san yadda ake koya wa irin wannan na'ura aiki. Ana tara hotuna masu ɗimbin yawa daga intanet, kowane hoto tare da ɗan rubutun da aka liƙa masa a shafin da aka same shi, sannan na'urar ta yi ta bin su har ta koyi irin siffofi da launukan da suka saba zuwa tare da kowace kalma. Rumbun da aka fi sanin abin da ke cikinsa shi ne LAION-5B, wanda wata ƙungiya a Jamus ta fitar a 2022, mai ɗauke da hotuna da bayanansu kusan biliyan 5.85. Kimanin biliyan 2.3 daga ciki da Ingilishi aka rubuta bayaninsu, sauran harsuna fiye da 100 suka raba kusan wani adadi irin wannan a tsakaninsu, kuma ɓangaren Ingilishin ne aka fi dogara da shi wajen horar da Stable Diffusion ta farko. Kafin hoto ya shiga rumbun ma sai ya wuce ta hannun wata manhaja mai suna CLIP, wadda kamfanin OpenAI ya fitar a 2021, ita ce ke yanke hukunci ko rubutun ya dace da hoton. Idan ba ta san abin da ke cikin hoton ba, ko ba ta gane harshen rubutun ba, sai ta ba shi maki kaɗan a jefar da shi. Bayan wannan kuma an sake tace hotunan da wani ma'auni na kyau, wanda aka gina a kan makin da wasu mutane suka bai wa hotuna gwargwadon abin da ya burge idonsu. Hoton tsakar gida da aka ɗauka da ƙaramar waya a hasken magariba yana iya faɗuwa a kowanne daga cikin waɗannan matakai.

Wannan rashin daidaito ya girmi manhajojin zane. A 2017 wasu masu bincike na Google sun duba inda hotunan ImageNet suka fito, wato rumbun da aka shafe shekaru ana koya wa kwamfuta gane abubuwa da shi, suka tarar kimanin kashi 45 cikin 100 daga Amurka ne, alhali Sin da Indiya, waɗanda suka haɗa fiye da sulusin mutanen duniya, ba su wuce kashi 3 cikin 100 ba. Idan rabon Indiya ke nan, ba sai an gaya miki rabon Nijar ba. Sakamakon haka shi ne na'ura ta ga amaryar Amurka cikin farar riga ta ce amarya ce, ta ga amaryar arewacin Indiya cikin adonta ta ce kayan wasan kwaikwayo ne.

Amma ƙarancin hotuna rabin bayanin ne kawai, kuma a ganina ba shi ne rabin da ya fi nauyi ba. Abin da ya kamata a tambaya shi ne: ƴan hotunan ƙasarmu da ke intanet ɗauke da bayani cikin Ingilishi ko Faransanci, wa ya ɗauke su, kuma me ya zo nema?

Akwai tsofaffin katunan wasiƙa na zamanin mulkin mallaka, irin waɗanda François-Edmond Fortier ya riƙa bugawa da dubbai daga Dakar a farkon ƙarni na 20, waɗanda aka shirya su don su nuna wa mai saye a Faransa baƙuwar duniya mai ban al'ajabi, kuma a yau gidajen tarihi da masu sayar da kayan da sun ɗora su a intanet da cikakken bayani. Akwai hotunan masu yawon buɗe ido, waɗanda kusan dukkansu arewa suka nufa: hasumiyar masallacin Agadas, ayarin raƙuma a Tenere, taron gishiri na Ingal, da samarin Woɗaaɓe a wasan Gerewol. Daga nan shuɗin rawanin maigidan naki ya fito. Abzinawa da Fulani ƴan'uwanmu ne, kuma suna nan a cikin jihar Maraɗi kanta, musamman wajen Dakwaro, don haka ba laifi ba ne a zana su. Matsalar ita ce kamanninsu sun zama hoton ƙasar baki ɗaya a idon na'ura, har Bahaushen Bagalam ko na Tibiri ya rasa inda zai tsaya. Duwatsun wuyan kuma, bisa ga yadda kika kwatanta su, sun fi kama da adon Masai na Kenya da Tanzaniya, domin idan na'urar ta rasa abin da za ta cike gurbi da shi a ƙarƙashin sunan Nijar, sai ta koma babban tulin da ke ƙarƙashin sunan Afirka ta ɗebo abin da ya fi yawa a can.

Tushe na uku ya fi shafar garinmu kai tsaye. Bayan fari da farin ɗango na 2004, ƙarancin abinci ya tsananta a 2005, kuma a damina ta wannan shekara kafofin watsa labarai na duniya suka sauka a Maraɗi, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke da cibiyar kula da yara masu tamowa. Hotunan da aka ɗauka a lokacin gaskiya ne, kuma sun taimaka wajen jawo agaji, babu mai musun wannan. Sai dai su ne suka shiga manyan jaridu da shafukan ƙungiyoyin agaji da rumbunan sayar da hotuna, ƙwararru ne suka ɗauke su da kyamarori masu kyau, kowanne kuma da rubutu a ƙarƙashinsa ɗauke da sunan Maraɗi. Irin wannan hoto ne ke wuce kowane matakin tacewa ba tare da tangarɗa ba. A cikinsa mai jinya baƙar fata ne, mai ba da taimako kuma sau da yawa Bature, kuma wannan tsari ya maimaitu a hotunan agaji daga ƙasashe da dama har na'urar ta ɗauke shi a matsayin yadda likita da majinyaci suke a Afirka.

Sai mu duba abin da bai shiga ba. Maraɗi cibiyar kasuwancin Nijar ce, garin alhazai da manyan shaguna da motocin kaya masu bin hanyar Ɗan Isa zuwa Katsina da Kano, garin da ke da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da fadar Sarkin Katsina da unguwanni masu benaye. Mutanen garin suna ɗaukar hoto kullum, a biki da suna da hawan Salla da filin kokawa, amma waɗannan hotuna a cikin wayoyi suke, suna yawo a WhatsApp daga dangi zuwa dangi, inda manhajojin da ke tattara kayan intanet ba sa shiga, kuma ko da sun shiga ba za su sami rubutun da ke bayyana abin da ke cikin hoton ba, tunda wanda aka aika wa ya riga ya san kowa. Haka batun rairayin da kika gani. Tun daga 1983, lokacin da Tony Rinaudo ɗan Ostareliya ya fara aiki da manoman wannan yanki a kan ƙyale kututturan itatuwa su sake tofowa, abin da ake kira sassaben zamani, manoman Maraɗi da Damagaram sun farfaɗo da ƙasar da aka ƙiyasta ta kai hekta miliyan 5, da itatuwa kusan miliyan 200, galibinsu gawo. Gonar gero mai gawo a tsakiyarta ita ce ainihin fuskar karkarar Maraɗi, amma hotunanta sun fi yawa a rahotannin masana aikin gona, ba su kai yawan na tudun rairayin Tenere ba. Ga kuma ruɗanin da ke tsakanin sunan Nijar da na Najeriya da na kogin Neja a rubutun Turawa, wanda kan sa a cakuɗa kayan Legas da na kudancin Najeriya cikin namu.

Da a ce na'urar tana mayar da abin da ta gani daidai gwargwado, da lamarin ya zo da sauƙi, amma takan ƙara masa gishiri. Tana fara zane ne daga ɗige-ɗige barkatai marasa siffa, ta riƙa gyara su mataki-mataki zuwa ga abin da ya fi yiwuwa ya dace da kalmomin da aka ba ta, kuma akwai wani ma'auni a cikinta da ke ƙara tura ta zuwa ga siffar da ta fi tabbata, don hoton ya fito tsaf. Abin da ya fi yawa a rumbu sai ya zama kusan shi kaɗai ke fitowa, abin da yake kaɗan kuma ya ɓace. Ki ɗauke ta kamar yaron tela da ya shekara yana ɗinka kwat, bai taɓa ganin babbar riga ba sai daga nesa: idan kika ba shi shadda zai ɗinka miki wani abu mai faɗi da ɗan ado a ƙirji, ya miƙo miki ba tare da shakka ba, domin bai san inda aska takwas take ba balle ya san ya ɓata ta. Kamfanin labarai na Bloomberg ya auna wannan ƙarin gishiri a 2023 da hotuna fiye da 5,000 na Stable Diffusion. A lokacin mata su ne kimanin kashi 34 cikin 100 na alƙalan Amurka, amma a hotunan alƙali da manhajar ta fitar ba su wuce kusan kashi 3 ba, sannan ayyuka masu albashi mai tsoka suka fito da fararen fata, fiye da kashi 80 cikin 100 na hotunan ɗan kurkuku kuma da masu duhun fata.

Batun likitanki ma an gwada shi. A watan Agusta na 2023 mujallar The Lancet Global Health ta wallafa gwajin da Arsenii Alenichev da abokan aikinsa suka yi da wata manhajar zanen hoto mai suna Midjourney, inda suka nemi ta juya hoton agaji da aka saba gani, ta zana likitoci baƙaƙen fata ƴan Afirka suna duba yara fararen fata marasa lafiya. Cikin hotuna fiye da 300, kusan kullum yaran baƙaƙe suke fitowa, wani lokaci likitan ya koma Bature duk da umarnin da aka bayar, wani lokaci kuma a tsayar da raƙumin dawa ko giwa kusa da likitan don a nuna cewa Afirka ce. Raƙumin dawa dai muna da shi a Kure, har an kai wasu Gadabeji a 2018, amma ban san asibitin da suke zuwa duba marasa lafiya ba. A watan Oktoba na wannan shekara kuma mujallar Rest of World ta fitar da hotuna 3,000 daga Midjourney game da ƙasashe shida har da Najeriya, ta tarar mutumin Indiya kusan kullum tsoho ne mai gemu, ɗan Meziko kuma yana sanye da faffaɗar malafa.

Kamfanonin sun yi ƙoƙarin gyara, sai dai hanyar da suka fi bi ita ce su ƙara wasu kalmomi a ɓoye a kan umarnin mai amfani don a sami launin fata iri-iri. Wannan ne ya jefa Google cikin abin kunya a Fabrairun 2024, lokacin da manhajarsa Gemini ta zana sojojin Jamus na 1943 da baƙaƙen fata da ƴan Asiya a cikinsu, har kamfanin ya dakatar da zanen mutane na wani lokaci. Irin wannan gyara an yi shi ne don amsa muhawarar Amurka, inda launin fata ne kan gaba. Ke kuwa mutanen da aka zana miki baƙaƙe ne tun farko. Abin da ya ɓata shi ne hula da ɗaurin kallabi da fasalin gida da abin da ke cikin kwano, kuma babu kalmar ɓoye da za ta koya wa na'ura zankon soro idan ba ta taɓa ganinsa da sunansa ba. Gaskiya ne sababbin manhajoji sun fi na 2022 da 2023 bin umarni, kuma kurakuransu sun ragu, amma raguwar tana da nata haɗarin, domin hoton da ya kusa daidai ya fi wuyar kamawa fiye da wanda aka sa masa giwa.

Game da littafinki, ga abin da nake gani. Tsawaita umarni yana taimakawa, musamman idan kika daina dogara da sunan wuri ko na ƙabila, kika kwatanta abin da kike son a gani: gidan siminti mai katanga da ƙofar ƙarfe, tabarmar roba a tsakar gida, kwanon silba mai murfi, maigida cikin dogon kaftani da hula mai aikin zare, uwargida cikin atamfa da mayafi, bishiyar dalbejiya a gefe. Yawancin manhajojin sun fi fahimtar Ingilishi, sai Faransanci, Hausa kuwa tana can baya, don haka za ki ga bambanci idan kika rubuta kwatancin da Faransanci. Idan manhajar tana karɓar hoto a matsayin misali, ki ɗauki hoton tsakar gida ko kwanon tuwo da kanki ki ba ta, wannan ya fi dogon rubutu amfani. Kada ki bar ta ta rubuta kalmomin Hausa a cikin hoton, domin haruffa masu lanƙwasa irin su ɓ da ɗ da ƙ da ƴ suna yawan lalacewa a hannunta. Ki sa rubutun da kanki daga baya. Kowane hoto kuma, kafin ya shiga littafi, ki nuna wa wata dattijuwa ko wani magini ko tela ya duba, za su kama abin da idonki ya wuce.

Duk da haka, shawarata ita ce ki raba aikin gida biyu. Hoton ƙwallo ko tebur ko jirgin sama ko rana da wata, na'urar za ta yi miki shi ba matsala. Amma duk abin da ya shafi yadda muke zaune, wato sutura da gini da abinci da biki da sana'a, ki yi amfani da hoto na gaske ko zanen hannu, ko da bai kai na na'ura sheƙi ba. Masu zanen allunan shaguna da bayan motoci suna nan a gari, kuma a cikin manyan ɗalibai ba a rasa mai hannu. Dalilina shi ne yaro ɗan shekara takwas yana ɗaukar abin da ke cikin littafin makaranta a matsayin gaskiya, kuma idan kowane likita da matuƙin jirgi a littafinsa Bature ne, kowane mai kama da shi kuma yana zaune a ƙofar bukka, ya karanta wani darasi da ba ke kika koya masa ba. Tunda dokar da aka kafa a 2025 ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, littattafai irin naki za su ƙaru, kuma da yawa daga cikin masu haɗa su za su nemi wannan hanya mai arha. Akwai kuma wata illa da ba a cika lura da ita ba: hoton ƙarya da aka buga aka ɗora a intanet da sunan Maraɗi a ƙarƙashinsa yana iya shiga rumbun da za a horar da manhajar gaba, ya ƙara ƙarfafa kuskuren da ya haife shi.

Gyara mai ɗorewa yana buƙatar hotunanmu su kasance a inda ake iya samunsu, ɗauke da bayanin da mu muka rubuta. Rumbun hotuna na intanet mai suna Wikimedia Commons a buɗe yake ga kowa, kuma tun 2014 ake gudanar da gasar Wiki Loves Africa don wannan manufa. Manhajojin da aka saki a buɗe ana iya ƙara musu horo da hotuna ƴan gomomi a kan abu ɗaya, misali hular da ake sawa a nan ko jar akuyar Maraɗi ko adon bangon soro, kuma wannan aiki ne da ɗaliban kwamfuta na jami'a za su iya yi a matsayin aikin kammala karatu. Sai dai a shiga da ido buɗe. Hoton da aka ɗora da lasisin kowa ya yi amfani, kamfanin waje ma zai ɗauka kyauta ya sayar mana da sakamakonsa, kuma da zarar ya fita ba a iya janye shi. Saboda haka kada ki ɗora fuskar ɗalibanki, kada kuma a ɗora hoton matan gida ko na biki ba tare da izinin masu shi ba. Gine-gine da kayan sana'a da abinci da gonaki da tufafi a shagon tela sun isa a fara da su, kuma a ƙarƙashin kowanne a rubuta sunan abin, da garin da aka ɗauka, da shekara, da amfanin da ake yi da shi, cikin Hausa da Faransanci, in da hali a ƙara da Ingilishi.